Agogon Kano a Guangzhou

Lokacin da muka fara zuwa Guangzhou, yini yana da kai da ƙafa. Mutum ya tashi da asuba, ya yi salla, ya sha shayi, ya fita kasuwa tun hanya ba ta cika ba. Da azahar ya dawo masauki da ledojinsa, ya ci abinci, ya ɗan miƙe. Da yamma a je sito a duba kaya, a ɗaure, a rubuta suna a jikin kwali. In an yi magariba sai ka sayi katin waya, ka shiga wani ɗan akurkin shago a unguwar Xiaobei, ka kira gida. Katin ba ya daɗewa, don haka ba a jan zance. An gaisa, an faɗi abin da aka saya, an ji abin da ake so, shi ke nan. Bayan isha'i babu mai samunka sai Allah ya kai mu gobe. Muna gunaguni a lokacin, muna cewa an yanke mu da gida. Ba mu san rahama ce ba.

Yanzu kowane saurayi yana yawo da Kano a aljihunsa. Jikinsa yana Sin, amma ba ya kwanciya sai Kano ta kwanta, ba ya tashi sai an kusa tashin kasuwa a nan. In ka shiga benen kasuwar Tianxiu da hantsi, shagunan 'yan Caina a buɗe, namu a garƙame. Da la'asar sai ka ga samarinmu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ido jajur, suna yi wa juna ina kwana. Manya kuma su zauna su ce yaran zamani ragwaye ne. Ni ma na faɗi haka, har sai da aka kawo mini wani yaro na ga yadda ake yin ragon.

Na zauna a Abijan, na yi Jidda, na yi Istanbul, kafin in yada zango a nan. A duk inda na ga kasuwa tana da albarka, na tarar masu ita sun san lokacin da ba su da kowa. Balarabe yana jin kiran salla zai ja labulen shago, ko kana tsakiyar ciniki. Ɗan Caina kuwa, rana na yin tsaka zai buɗe robar shinkafarsa, ya cinye, ya kifa kai a kan dilar kaya ya yi barci, ko da shagon gaba ɗaya ka zo saya. Da farko abin yana ba ni haushi. Daga baya na gane wannan mutumin zai yi shekaru yana buɗe shago a kan lokaci, kuma barcin nan yana cikin dalili. Mu a gida ba mu saba tsara wa kanmu yini ba, domin an tsara mana. Ladan yana tashe ka, zakara yana taya shi, uwa tana buga ƙofa, maƙwabci yana tambayar me ya hana ka sahun asuba. A Guangzhou babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ka jin kiran salla daga ɗakinka. Fitilun gari ba sa mutuwa. In saurayi bai kafa wa kansa lokaci ya riƙe shi da haƙori ba, babu abin da zai riƙe masa, sai ya wayi gari bai san Talata daga Laraba ba.

Yaron ɗan ƙanwar wani abokina ne. Ni da abokin nan tare muka yi samartaka a Abijan, muna tallar takalma, muna kwana a ɗaki ɗaya, muna koyon Faransanci da Jula a bakin masu saye. Shi ya koma Kano ya buɗe babban shagon kayan yara, Allah ya buɗa masa, ya zama Alhaji mai jama'a. Ni na ci gaba da yawo. Wata rana ya kira ni ya ce zai turo mini ɗan ƙanwarsa ya zama wakilinsa a nan, ya riƙa saya masa kaya yana lodawa. Mahaifin yaron ya rasu tun yana ƙarami, kawun ne ya riƙe shi har ya gama jami'a. Ya ce, "Na ba ka amanarsa. In ya yi ba daidai ba, ka ja kunnensa kamar naka."

Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, siriri, mai natsuwa, ba ya kallon babba a ido. Na sama masa ɗaki kusa da ni a unguwar Panyu, inda haya take da sauƙi. Makonnin farko tare muke fita. Mu yi asuba, mu sha shayi da burodi, mu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa tare da ma'aikata masu gyangyaɗi, mu nufi Shahe.

Wanda bai san Shahe ba ba zai gane abin da ya faru ba. Kasuwar tufafi ce ta sari, kuma ta sammako ce. Gari bai gama wayewa ba masu shaguna sun rataye sabbin samfura, 'yan dako suna ture mutane da baro suna ihu, 'yan sari daga ko'ina suna jan baƙaƙen ledoji. Abin da yake da kyau kafin hantsi ya tafi. Da azahar an fara jan ƙofofi. Wanda ya zo a makare, duk abin da ya nuna da yatsa sai a kaɗa masa hannu a ce "meyo", wato babu. Abin da ya rage a lokacin shi ne wanda idon kowa ya wuce ya bari. Da sanyin safiya ake kama fara, in ji mutanenmu, kuma ban ga inda maganar ta zauna daram kamar Shahe ba.

Yaron yana da ido. Ya taɓa yadi ya gane wanda zai jure zafin Kano da wankin hannu. Cikin ɗan lokaci ya iya gaisuwa da ciniki da yarensu, yana ce wa masu shago "lawban", wato maigida, su kuma suna yi masa dariya suna gyara masa harshe. Akwai wata mata mai sayar da kayan yara da ta riƙa ajiye masa sabon samfur a ƙarƙashin tebur. Da na ga ya kama hanya sai na sakar masa mara, na koma harkar ofishina a Tianxiu.

Ba a daɗe ba na fara ganin canji. Na daina haɗuwa da shi a tashar jirgi. In na buga masa ƙofa da safe shiru. Fuskarsa ta faɗa, idonsa ya zurma, in kana yi masa magana sai ka ga ya tsaya yana kallonka kamar maganar tana tahowa daga nesa. Na zargi abin da kowane dattijo zai zarga: kallon ƙwallo, abokan banza, ko wata yarinya. Na yi masa faɗa sau da yawa. Ya durƙusa ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba, zan gyara." Ba ya ƙara ko kalma.

Sai aka zo sayen kayan Salla. Kayan yara a Shahe a ƙunshe ake sayar da su, kowane ƙunshi da saiz daban-daban, daga na ɗan yaye har na ɗan firamare, domin mai shago a gida ya iya sallamar duk uwar da ta shigo. Amma ragowar da ake samu da rana sau da yawa saiz ɗaya ne aka tattara aka ɗaure. Shi ya sa doka ta farko a wannan sana'a ita ce ka je sito ranar lodi, ka farke ƙunshi ka gani da idonka kafin a rufe kwantena. Yaron ya san wannan, ni na koya masa. Ya sayi kayan a makare. Ranar lodi ya shiga jirgi zai je sito, barci ya ɗauke shi, bai farka ba sai da ma'aikaci ya taɓa shi a tasha ta ƙarshe. Kafin ya dawo an rufe kwantena ta tafi. Kaya suka isa Kano ana gab da Salla, aka buɗe, kusan duka na 'yan yaye ne.

Abokina ya kira ni yana huci. "Wannan yaron rago ne! Na tura shi Caina ya je yana barci kamar kasa. Ka gaya masa, in ya ƙara yi mini irin wannan, zan dawo da shi ya zo ya riƙa share mini shago, in tura wanda ya san ciwon kansa."

Na aika aka kira mini shi ofis da la'asar. Na rufe ƙofa, na ce ya zauna, ya ƙi, ya tsuguna a gefen kwalaye.

Na ce, "Kai, yau ba haƙuri nake so ba. Gaskiya nake so. Me kake yi da dare?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon kwalayen.

"Yarinya ce?"

"A'a, Baba."

"Ƙwallo?"

"Wallahi rabona da kallon ƙwallo tun ina gida."

"To, aljanu ne suke hana ka barci?"

Ya ɗago kai kaɗan, ya ce, "Baba, in Kawu ya kira, in ƙi ɗauka?"

Daga nan ya buɗe baki. Tsakaninmu da gida awa bakwai ne, mu ne a gaba. Lokacin da Alhaji ya gama hidimar kasuwa, ya yi la'asar, ya samu sararin magana, a nan dare ya yi nisa. Lokacin da ya ci tuwon dare ya baje a majalisa da abokansa, a nan asuba ta gabato. A tsakanin nan yake kiran yaron, kuma ba sau ɗaya ba. Ya kira ya ce a nuna masa samfur a bidiyo. Ya kashe. Ya tuna wani abu, ya sake kira. Ya miƙa wa matarsa, tana so a nemo mata jaka irin wadda ta gani a biki. Ta miƙa wa ƙanwarta mai haɗa lefen ɗanta, a yi ta juya takalmi a gaban waya, wannan kalar ta yi duhu, waccan ta yi haske. An raba lambar yaron a dangi kamar goron ɗaurin aure. Wanda zai sayi murfin waya ma shi yake kira. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na majalisa. Alhaji ya ɗaga waya a gaban abokansa ya ce, "Bari ku ga yarona na Caina." Sai a ce wa yaron ya leƙa taga ya nuna musu dogayen gine-gine, su yi ta salati, wani ya tambaye shi wai da gaske ne suna cin maciji. Sai Kano ta yi barci yaron yake yin asuba ya faɗi a katifa.

Na ce, "Kuma ba ka taɓa gaya masa ƙarfe nawa ne a nan ba?"

"Ya sani, Baba. Yakan ce, 'Au, ashe dare ne a wurinku,' sai ya ci gaba da magana."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Abokinka ne. Kuma shi ya riƙe ni. Ya zan kawo ƙararsa?"

Na daɗe ban ji zuciyata ta tafasa kamar ranar nan ba. Ga yaro mai hankali, mai ido, an ɗauke shi an ajiye a wata duniya, an ce ya yi kasuwar asuba da agogon Sin, ya yi hirar dare da agogon Kano, sannan da ya faɗi aka ce masa rago. Ko jakin da ake yi wa lodi ana sauke masa mangala da yamma. Kuma da ladabin da muka koya masa aka ɗaure shi. Mu muka ce masa ba a ƙin amsa kiran babba. Gaskiya ne, amma lokacin da aka kafa wannan tarbiyya babba da yaro rana ɗaya take faɗuwa a kansu. Babban da ya san ya kamata ba ya tashin yaronsa cikin dare don ya nuna wa baƙi.

Na ce masa, "Daga yau ga yadda za a yi. Asuba a kan lokaci, shayi a ɗakina, Shahe tun da duhu-duhu. Azahar ka ci abinci ka kwanta kaɗan kamar yadda masu garin suke yi. La'asar sito. Daga la'asar zuwa isha'i wayarka a buɗe, lokacin Kano ta tashi, duk mai magana ya yi. Kana sallame isha'i ka kashe ta, ka sa a aljihun rigar da za ka sa gobe."

Ya zaro ido. "In kashe wa Kawu waya?"

"Ba Kawu ka kashe wa ba. Dare ne ya yi."

"Baba, zai ce na yi girman kai."

"Bar ni da shi."

Na kira abokina na yi masa bayani dalla-dalla, da lallami, irin na tsofaffin abokai. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka zama ɗan Caina. To, na ji." A daren ma ya kira yaron. Ya tarar da waya a kashe.

Kwanakin farko yaron bai samu barcin kirki ba, don fargaba. Yakan zo shan shayi yana tambayata ko Kawu ya yi mini magana. Amma jiki magayi. A hankali fuskarsa ta ciko. Ya fara riga ni isa tasha. Ya dawo yana ba ni labarin abin da ya gani a kasuwa, yana kwaikwayon muryar 'yan dako har in ƙware da shayi. Ranar Juma'a muna zuwa masallaci tare, ba ya gyangyaɗi a huɗuba. Akwai wani ɗan fili kusa da gidajenmu inda tsofaffin garin suke motsa jiki da sassafe, wasu suna tafiya da baya, wasu suna marin bishiya. Da can dariya suke ba shi. Wata safiya ya ce mini, "Baba, tsohon can mai jar hula, kullum a wuri ɗaya, ko ana ruwa." Na ce, "Ka tambaye shi shekarunsa, za ka sha mamaki." Matar nan ta Shahe ta koma ajiye masa samfur. Kayan da ya loda bayan nan, abokina da bakinsa ya gaya mini ba su kwana a shago ba.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe cinikin bai wanke laifin ba. A Kano zance ya zaga dangi cewa yaro ya je Caina ya fi ƙarfin kowa, sai an nemi izini ake jin muryarsa. Mai lefe ta yi fushi. A majalisa Alhaji ya ɗaga waya zai nuna yaronsa, ta ƙi shiga, wani ya yi masa ba'a ya ce, "Alhaji, ko dai yaron ne maigidan yanzu?" Wannan ba'ar ita ta tsaya masa a wuya.

Bayan 'yan watanni ya zo Guangzhou da kansa, kamar yadda yakan yi lokaci-lokaci. Muka tarbe shi, muka kai shi otal a Xiaobei. Washegari yaron ya je ɗaukarsa zuwa Shahe, ya buga ƙofa har ya gaji. Ya kira waya, a kashe. Alhaji bai fito ba sai bayan azahar, yana miƙa, yana cewa tafiyar nan ta jujjuya masa lokaci. Haka aka yi washegari ma. Na bari sai da muka zauna cin abinci da la'asar a wani gidan abinci na Musulmin Sin, ni da shi a tebur, yaron a gefe yana zuba mana shayi.

Alhaji ne ya fara. Ya dubi yaron ya ce, "Kai, na ji an ce yanzu kana da lokacin ganawa, kamar gwamna."

Yaron ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Alhaji, ni na sa shi. In akwai laifi nawa ne."

"Na sani ai. Kai ka lalata mini shi. Na ba ka yaro mai ladabi, ka mayar mini da shi Bature."

"Bature? Wanda yake riga ka yin asuba? Jiya da safe ina wayarka take?"

"A kashe. Na gaji, ina bukatar hutu."

"To, shi ƙarfe ne?"

Ya ajiye cokali. "Kana haɗa ni da ɗan cikina? Mu da muka yi wahala, muka kwana a bayan tirela daga Abijan har Kano? Yaran yanzu an ce su ɗauki waya kawai, suna kwance a kan katifa, shi ne aiki?"

Na ce, "Ina nan lokacin, kada ka ba ni labari. A bayan tirelar ma barci kake yi, har minshari, sai na toshe kunne. Wa yake kiranka a Abijan? Maigidanmu yana rufe shago yake sallamarmu, ba ya sake nemanmu sai da safe. Da ya riƙa tashinka cikin dare yana nuna ka ga abokansa, da ba ka kai inda kake ba."

"Wannan zamani daban."

"Zamani daban, amma ido bai canja ba. Laifi tudu ne, Alhaji. Kwana nawa ka yi a garin nan, ko ƙofar Shahe ba ka gani ba, saboda barci ya fi ƙarfinka. Shi wata da watanni ya yi a haka, kuma ka kira shi rago a kunnena."

Mutanen teburin kusa, wasu 'yan Nijar, suka juyo suna sauraro. Na san hakan bai yi wa Alhaji daɗi ba, kuma na san babba ba ya son a ƙure shi a gaban yaronsa. Amma na riga na hau, ban iya sauka ba, kuma har yau ban ga kalmar da zan janye ba.

Ya juya ga yaron, ya daina kallona. "Ni ba na jayayya. Kai, saurara. Ni na kawo ka garin nan. Ko ka bar wayarka a buɗe duk lokacin da na neme ka, ko ka haɗa kayanka mu koma tare. Zaɓi."

Yaron ya ajiye butar shayi. Ya zagayo ya durƙusa a gaban kawunsa, a tsakiyar gidan abincin, masu kai abinci suna ratsa shi. Ya ce, "Kawu, ba ni da uban da ya wuce ka. Duk abin da ka sa ni da rana zan yi, ko dako ne. In wani abu ya faru na gaggawa, a kira Baba, zai buga mini ƙofa. Amma in na ce zan iya kwana ina waya kuma in saya maka kaya masu kyau, na yi maka ƙarya. Na gwada, ka ga abin da ya faru."

"Wato ka ƙi."

"Ban ƙi ka ba, Kawu."

"Ka ƙi." Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya dube ni ya ce, "Ga ɗanka nan, ka riƙe." Ya fita bai gama cin abincin ba.

Kafin ya bar garin ya karɓe aikin daga hannun yaron, ya ba wani dillali. Da ya koma gida ya turo wani ɗan ɗan'uwansa. Na ga sabon yaron a Tianxiu kwanan baya, da la'asar, yana hamma yana jan ƙafa. Na yi masa sallama ya amsa kamar mai maye. Ban ce masa komai ba, don ba a ba ni amanarsa ba, amma na yi kwana biyu abin yana cina. Mutum ya ga abin da ya yi wa na farko da idonsa, ya sake ɗauko na biyu ya sa a turmi ɗaya.

Shi kuwa nawa yaron, ya sha wuya kafin ya tsaya da ƙafarsa. Takardun zamansa a kan aikin kawun suke, sai da muka yi ta zirga-zirga kafin su daidaita ta ofishina. Akwai lokacin da ya yi ta kai kayan mutane sito don ya samu na abinci. Dangi a gida suka juya masa baya, in ya kira gaisuwar Salla wasu ba sa ɗauka. Duk da haka bai fasa fitowa da asuba ba, ko ranar da ba shi da abin saya. Na tambaye shi me zai je yi a Shahe hannu rabbana. Ya ce, "Baba, in na zauna a ɗaki tunani zai kashe ni. Gara in je in ga abin da ya fito." A can wani ɗan kasuwa daga Maraɗi, wanda ya daɗe yana ganinsa kullum a layi ɗaya a lokaci ɗaya, ya tambaye ni labarinsa. Na gaya masa komai, har da sharaɗin waya. Mutumin ya yi dariya ya ce shi ma ba ya son wakilin da ba ya barci. Ya ba shi aiki, daga baya ya haɗa shi da wasu.

Na yi ƙoƙarin gyara tsakaninsa da kawunsa. Na aika da gaisuwa, na sa mutane sun yi magana, na kira da kaina a lokacin da na san yana zaune. Bai ɗauka ba. Ni da abokin samartakata ba mu sake magana ba tun ranar gidan abincin nan, kuma na daina sa rai. Yaron bai koma ƙarƙashin kawunsa ba, ba kuma zai koma ba. Yana nan a Guangzhou, yana cin gashin kansa, kuma shi yake yanke lokacin kwanciyarsa da na tashinsa.